Zauren Kawu: Kibiya Ta Biyu da Sauran Tambayoyinku

Tun da na ambata a fitowar baya cewa lokacin da nake karatu a Banaras ta ƙasar Indiya na ɗan zauna da mabiya addinin Buda, na kuma karanta littattafansu, wasiƙu suka yi ta shigowa. Wasu na son jin abin da na tsinto a can wanda zai yi musu amfani a wurin aiki da cikin gida, wani kuma ta takarda ya zare mini ido. Na zaɓi biyar. Kamar kullum na cire sunaye, na kuma rage tsawon wasu.

Kawu, ni ma'ajin sito ne a wata masana'antar roba a Kano. Manajanmu bai iya gyara kuskure ba sai ya tara mutane. Makon jiya lissafin kayan da aka fitar ya saɓa da na littafi da buhu uku. Kafin in buɗe baki ya kira ni jaki a gaban leburori da direbobi, yaran da ni nake ba su umarni. Daga baya aka gano direba ne bai sa hannu a takardar fitar da kaya ba. Har yau bai ba ni haƙuri ba. Tun ranar ban yi barcin kirki ba, ina kwance ina tsara abin da ya kamata in faɗa masa. Matata ta ce yara sun fara barin falo in na shigo. In ajiye aikin ne?
*Ma'ajin sito, Kano*

Ɗana, an ci maka mutunci, kuma ba ka da laifi. Wannan ba na musu a kai. Amma bari in tambaye ka: zagin nan, in an auna shi da agogo, ya kai minti biyu? To yau kwana nawa kana jinsa? Manajan ya faɗa sau ɗaya ya tafi ya ci tuwonsa. Sauran duka, na dare da na kan hanya da na bakin famfo kana alwala, wa yake maimaita maka su?

Mutumin da ake kira Buda, sunansa na yanka Siddhartha Gautama, an haife shi a Lumbini da ke Nepal ta yau, kimanin shekara 2,500 da suka wuce. A cikin tsofaffin littattafansu na harshen Pali akwai wani ɗan gajeren jawabinsa kan kibiya. Ya ce mutumin da bai horar da zuciyarsa ba, in ciwo ya same shi, sai ya yi ta baƙin ciki yana kuka yana bugun ƙirji, sai ya zama ciwo biyu yake ji, na jiki da na zuciya. Kamar wanda aka harba da kibiya, kafin a zare ta aka ƙara masa ta biyu. Wanda ya horu kuwa, ta farko ta same shi, ya ji zafinta kamar kowa, amma ta biyu ba ta same shi ba. Ka lura, bai ce ta farko ba ta da zafi ba. Masu kawo wannan magana a intanet sukan manta da wannan, su mai da ita kamar mai ciwo ne ya jawo wa kansa.

Kibiyarka ta farko ita ce kalmar jaki a gaban yaranka. Ta biyu ita ce "yanzu kowa ya raina ni", "da na ce masa kaza", "haka zan ƙare". Ita ce ta bi ka har gida ta kori 'ya'yanka daga falo, alhali su ba su ma san manajan ba.

Yadda suke horar da zuciyar, na gani da idona a Sarnath, kimanin kilomita 10 daga Banaras, inda Buda ya yi jawabinsa na farko ga mutum biyar. Akwai wani dattijo daga cikin malamansu masu mayafi ruwan goro, ɗan Siri Lanka, da mukan yi hira a inuwar bishiya bayan ya gama sharar harabar wurinsu. Na taɓa tambayarsa yadda yake yi in ransa ya ɓaci. Sai ya jingine tsintsiya ya dafa muƙamuƙinsa, ya ce shi nan yake fara dubawa. In fushi ya taso, ba ya bin labarin wanda ya ɓata masa rai, jikinsa yake kallo: haƙora sun datse, ƙirji ya yi zafi, numfashi ya gajarce. Sai ya ce a ransa, ga fushi nan ya zo, ya mai da hankali kan numfashinsa yana shiga yana fita. Ya ce zafin ƙirjin, in ba a ƙara masa labari ba, da kansa yake sauka. Labarin ne yake rura shi. Ka gwada daren yau. Da zarar ka kama kanka kana tsara martani, ka tsaya ka duba haƙoranka da kafaɗunka. Tunanin zai dawo, ka sake dubawa. Ba ranar farko zai bari ba.

Mu ma muna da namu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar da neman tsari daga Shaiɗan lokacin fushi, ya kuma ce wanda ya fusata yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Ka ga nan ma ta jiki aka biyo.

Sai dai kada ka ɗauka cewa nake ka haɗiye ka yi shiru. Akwai labarin wani Barahmi, wato ɗan zuri'ar malaman Hindu, da ya je har masaukin Buda a birnin Rajagaha ya zazzaga masa zagi, don haushin wani ɗan'uwansa ya bi shi. Buda ya bari sai da ya gama, sannan ya tambaye shi ko yakan yi baƙi, ko yakan kawo musu abinci. Ya ce yakan yi. To in ba su ci ba, abincin na wa ne? Ya ce nawa ne mana. Buda ya ce to ni ma ban karɓi wannan ba, naka ne. Abin da nake so ka gani shi ne bai sunkuyar da kai ya wuce ba. Ya mayar da magana ido da ido, zagin ne kawai bai rama ba.

Kuma a cikin littattafan nan nasu akwai nasihar da ya yi wa wani saurayi mai suna Sigala, inda ya lissafa haƙƙi biyar da ma'aikaci yake da su a kan maigidansa: a ba shi aiki daidai ƙarfinsa, a ba shi abinci da lada, a kula da shi in ba shi da lafiya, a ɗan raba da shi in abin daɗi ya samu, a kuma ba shi hutu a kan lokaci. Na kawo wannan ne saboda wani abu da yake ba ni haushi. Tun da wani masani Ba'amurke, Jon Kabat-Zinn, ya ɗauko dabarar lura da numfashin nan a 1979 ya mai da ita shirin mako takwas na rage damuwa a asibitin Jami'ar Massachusetts, abin ya bazu har manyan kamfanoni suka runguma. Shirin asibitin ya taimaki mutane. Amma wasu kamfanonin sun fi son koya wa ma'aikaci numfashi a kan su ƙara masa albashi ko su tsawata wa manaja. Rabin karatun suka ɗauka, rabin da ba ya cin kuɗinsu.

Don haka ga shawarata. Ka bari sai ka yi barci biyu masu kyau. Ka same shi shi kaɗai a ofis, ba da safe lokacin lodi ba. Ka riƙe kwafin takardar da direban ya sa wa hannu daga baya. Ka ce masa: "Ranka ya daɗe, ga yadda lissafin ranar nan ya kasance. In na yi kuskure nan gaba, ina roƙon a kira ni nan a faɗa mini, don in aka zage ni a gaban yara, ba za su ƙara jin maganata ba, kuma kayan kamfani ne za su yi ciwo." Ka tsaya nan. Kada ka nemi ya ba ka haƙuri, irinsu ba kasafai suke iyawa ba, amma sau da yawa sukan sauya. In bai sauya ba, ka fara neman wani aikin a hankali, kana riƙe da wannan. Ajiye aiki cikin fushi a wannan zamani sakin reshe ne kama ganye. Su kuma yara, yau ka shiga da ɗan tsire ko rake ka zauna a ƙasa tare da su.

Assalamu alaikum. Kawu, da girmanka da shekarunka, me Musulmi zai nema a wurin masu sujada ga gunki? Alƙur'ani da Sunna ba su ishe mu ba? Kuma ka manta abin da mabiya Buda suka yi wa 'yan'uwanmu Rohingya?
*Malamin Islamiyya, Sakkwato*

Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Tambayarka tana kan hanya, kuma na san ba kai kaɗai kake da ita ba.

Ni Musulmi ne, a kan haka nake fatan cikawa. Tsakaninmu da su a aƙida akwai rata mai faɗi, ba kuma zan lulluɓe ta ba. Koyarwar Buda ba ta ginu a kan Mahalicci ba. Sun yarda cewa ana mutuwa a sake haihuwa, a yi ta zagayawa har sai an kuɓuta. Suna cewa babu wani rai tabbatacce a cikin mutum. Duk wannan ban karɓa ba. Suna durƙusa wa mutum-mutumin Buda suna ajiye furanni, ni ban taɓa yi ba, ba kuma wanda ya taɓa nema in yi. Duk wanda ya ce maka addinan nan biyu abu ɗaya suke faɗa, bai karanta ko ɗaya ba.

Abin da na ɗauka daban ne. Mutanen nan sun shafe ƙarnuka suna zaune suna kallon yadda fushi yake tasowa, yadda kwaɗayi yake kama mutum, yadda hassada take shiga, suka rubuta abin da suka gani dalla-dalla. Mutanenmu nawa ne suke tafiya Delhi da Chennai a yi musu aikin ƙoda ko na zuciya a hannun likitan da ba Musulmi ba, su dawo da imaninsu cif? Haka na ɗauki wannan. Abin da ya dace da abin da na sani a addinina na riƙe, wanda ya saɓa na bar musu. Kuma sanin abin da wasu suka yi imani da shi ba baƙon abu ba ne a wurin malamanmu. Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya yi bayanin mabiya Buda a littafinsa na addinai da ƙungiyoyi. Ko Alƙur'ani da Sunna sun ishe mu? Sun ishe mu. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da wannan shafi ba, ya tsallake shi, ya buɗe babin fushi da hassada na Imam Gazali, zai sami abin da ya fi ƙarfin buƙatarsa. Ba zan ji haushi ba.

Maganar Rohingya kuwa, ban manta ba, ba kuma zan yi mata kwaskwarima ba. Daga watan Agustan 2017 sama da mutum 700,000 suka tsere daga jihar Rakhine ta Myanmar zuwa Bangladesh, bayan sojoji sun ƙona ƙauyuka sun kashe mutane. Kafin nan wasu malaman Buda, wanda ya fi suna a cikinsu Wirathu na birnin Mandalay, sun daɗe suna hura wutar ƙin Musulmi a wa'azinsu. A Siri Lanka ma an far wa Musulmi a Aluthgama a 2014, da yankin Kandy a 2018. Ƙasar Gambiya, 'yar ƙarama a nan yammacin Afirka, ita ce ta kai Myanmar ƙara Kotun Duniya da ke Hague a watan Nuwamban 2019. Duk wannan ya faru.

Amma dokar farko cikin dokoki biyar da kowane mabiyin Buda yake ɗauka ita ce kada ya kashe mai rai. Littafinsu da kansa ya kama su. Dalai Lama, jagoran mabiya Buda na Tibet, ya fito a watan Satumban 2017 ya ce da Buda yana nan da ya taimaki Musulmin nan. Kuma Malam, mu 'yan Arewa ya kamata mu fi kowa taka-tsantsan a nan. Mun san yadda ake ji in an kalle ka a filin jirgi an tuna Boko Haram, alhali mu ne muka binne gawarwakin.

Kawu, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi. Wata Anti da ta girme ni, ita ce ma ta samo mini aikin, na gano ba ta duba takardun jarrabawar yara. Maki take rubutawa daga ka, gwargwadon yadda ta san yaro. Na gani da idona. In na yi magana na zama butulu, in na yi shiru yara ake cuta. Na faɗa wa abokan aiki biyu, sun ce in kama bakina.
*Malamar aji huɗu, Maraɗi*

'Yata, ki dakata da faɗa wa na uku. Zan dawo kan wannan.

Akwai wani yarima mai suna Abhaya, ɗan sarki Bimbisara, da aka zuga ya je ya ɗana wa Buda tarko da tambaya: shin kakan faɗi maganar da za ta ɓata wa mutane rai? In ya ce i, a ce to me ya raba ka da kowa. In ya ce a'a, a kawo masa lokacin da ya faɗa. Yariman ya gayyace shi cin abinci ya yi tambayar, yana zaune da jaririnsa a cinya. Buda ya ce wannan ba ta amsuwa da i ko a'a. Ya nuna jaririn ya ce, da yaron nan zai sa tsakuwa ko tsinke a baki, me za ka yi? Yarima ya ce zan riƙe kansa da hagu, in lanƙwasa yatsan dama in zaƙulo, ko da jini zai fita, don ina tausayinsa. Sai Buda ya ce haka maganarsa take. Abin da ba gaskiya ba, ba ya faɗa. Abin da yake gaskiya amma ba shi da amfani, ba ya faɗa, ko mutane na son ji. Abin da yake gaskiya kuma mai amfani, ko zai yi ɗaci, yana faɗa, sai dai yana duba lokacin faɗarsa.

A wani wurin ya ba da ma'auni biyar na magana mai kyau: a faɗe ta a kan lokaci, ta zama gaskiya, a faɗa da taushi, ta zama mai amfani, a kuma faɗa da zuciyar son alheri. Ɗora maganarki a kai. Gaskiya ce, kin gani da idonki. Amfani kuwa ya danganta da kunnen da ta shiga. A kunnen Antin tana da amfani, a kunnen shugabar makaranta tana da amfani. A kunnen abokan aikin nan biyu ba ta gyara takarda ko ɗaya ba, sai dai ta rage mata daraja. Wannan su mabiya Buda a wurinsu yana cikin maganar da ake hana mutum, wato jin abu nan a kai shi can. Mu ma mun san sunansa, kuma mun san hukuncinsa. Na san ba da mugun nufi kika yi ba, nauyi ne ya yi miki yawa, amma ki sani maganar da mutum uku suka sani ta kusa isa gare ta, kuma gara ta ji daga bakinki.

Ki je gidanta, ba a makaranta ba. Ki gaishe ta yadda kika saba. Ki ce, "Anti, akwai abin da na gani ya dame ni, kuma ke kika kawo ni wurin nan, ba zan iya kai shi wani wuri kafin ke ba." Ki faɗa ba kwana-kwana. Sannan ki saurara. Mai yiwuwa azuzuwa sun yi mata yawa, ko ido ya fara ba ta matsala, ko akwai mara lafiya a gida. In haka ne ki ce za ki ɗauki rabin takardun wannan zangon ku duba tare. In ta yi fushi ta ce ke wace ce, ki bar ta ta huce. Amma in zango na gaba ya zo ba ta sauya ba, ki gaya mata a fili cewa za ki sanar da shugaba, sannan ki sanar. Alherin da ta yi miki bashi ne a kanki, amma ba da makin 'ya'yan mutane za ki biya shi ba.

Kawu, albashina ba ya wuce ranar goma ga wata sai ya ƙare. Na ga an rubuta cewa Buda ya ce a raba kuɗi kashi huɗu. Yaya abin yake?
*Ƙaramin ma'aikacin gwamnati, Katsina*

Yana cikin nasihar nan ta Sigala da na ambata. Kashi ɗaya a ci, kashi biyu a zuba a sana'a, na huɗu a ajiye don ranar wahala. Amma ka duba wanda aka yi wa maganar: ɗan masu hali ne a garin fatake, mai jari. Kai da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun watan Yulin 2024, in ka ce da rubu'insa za ka ci, ko kuɗin mota bai ishe ka ba. Wannan rabon ba naka ba ne, kada ka sa wa kanka damuwa a kai.

Wanda ya fi dacewa da kai wani jawabin ne, inda ya kwatanta dukiya da tafki mai mashiga huɗu da mafita huɗu, ya ce mafitar su ne neman mata, shaye-shaye, caca da mugayen abokai. Ban ce kana yin ko ɗaya ba. Amma cacar ƙwallo yanzu a cikin waya take, ɗari biyu ɗari biyu, ba ta da ƙara. Haka manhajojin bashin nan masu turo kuɗi cikin minti biyar su dawo da ruwa mai kisa. Buda ya taɓa lissafa wa wani attajiri mai suna Anathapindika jin daɗi huɗu na magidanci, ɗaya daga ciki shi ne ya duba ya ga ba kowa ke binsa bashi ba. Wata ɗaya tak ka rubuta duk naira da ta fita, har ta kati da ta shayi. In ka sami ɓaraka ka toshe. In ba ka samu ba, to laifin ba naka ba ne, albashin ne bai kai ba, sai a koma neman abin haɗawa bayan an tashi aiki.

Kawu, ina da shagon ɗinki da yara shida masu koyo. Kowa a unguwa ya san ni da haƙuri, har sulhu ake kira na. Amma akwai wata yarinya da aka kawo mini wata uku da suka wuce, kullum sai ta makara. Na yi magana har na gaji. Shekaranjiya ta shigo ƙarfe goma, ga ɗinkin biki a gabanmu, ban san lokacin da na jefe ta da katakon awo ba, ya fasa mata goshi. Ni ba haka nake ba. Yarinyar nan ce ta ɓata mini hali. In sallame ta?
*Hajiya mai ɗinki, Jos*

Hajiya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, don da na karanta wasiƙarki sai da na ajiye ta na yi shiru. Labarinki kusan kalma da kalma yana cikin littafin mutanen nan.

A birnin Savatthi an yi wata uwargida mai suna Vedehika, wadda ta yi suna da sanyin hali, kowa na yabonta. Tana da baiwa mai suna Kali, mai ƙwazo, ba ta wasa da aiki. Wata rana Kali ta ce a ranta: shin uwargijiyata ba ta da fushi ne, ko yana nan, aikina ne da ba ya samun tangarɗa ya sa ba a gani? Bari in gwada. Sai ta makara. Uwargida ta ɗaure fuska. Ta ƙara makara, uwargida ta zage ta. Da ta makara karo na uku, Vedehika ta ɗauki icce ta rotsa mata kai. Kali ta fita da jini yana zuba tana nuna wa maƙwabta tana cewa ku zo ku ga aikin mai haƙuri. Daga ranar sunan Vedehika ya juya a gari. Buda ya ba almajiransa wannan labari ne don ya nuna musu cewa mutum yakan zama mai sanyi muddin ba a taɓa shi ba, sai an taɓa shi ake sanin ko sanyin na gaske ne.

Ban yaba wa Kali ba, tsokana ta yi. Ita ma yarinyarki makara laifi ce, ranar ɗinkin biki kuwa laifi ne babba. Amma ba ita ta ɓata miki hali ba. Yara biyar masu zuwa a kan lokaci ne suka sa ba ki taɓa haɗuwa da wannan ɓangaren naki ba. Sulhun da kike yi wa mutane kuma, rigimar wasu ce, ba ɗinkinki ne ya makara ba. Wannan ba ya nufin haƙurinki na baya ƙarya ne, yana nufin yana da iyaka, yanzu kin ga inda take.

Kada ki sallame ta a wannan makon, don in kin yi, kin kori shaida ne kawai. Ki je gidansu da kanki, ki biya kuɗin magani, ki ba ta haƙuri a gaban iyayenta, ba tare da kin haɗa da "amma ke ma" ba. Sauran yaran biyar sun ga jifan, su ma ki faɗa a gabansu cewa abin da kika yi ba daidai ba ne. Bayan kwana biyu ki zaunar da ita ki tambaye ta abin da wasiƙarki ba ta nuna kin taɓa tambaya ba: me take yi daga asuba zuwa ƙarfe goma? In ɗiban ruwa ne da kai ƙanne makaranta, ku yi magana da uwarta, ko a mayar da lokacinta daga goma zuwa la'asar. In barci ne da waya, ki sa mata doka a gaban iyayenta, makara uku a wata ta koma gida, ki kuma cika ranar da ta cika ukun. Katakon awon kuma, in kin ji haƙoranki sun fara datsewa, ki ajiye shi a kan tebur ki fita ƙofar shago kafin ki ce komai.